Idan Jirgin Ya Faɗo, Wa Zai Biya?

Ranar Asabar ce da la'asar sakaliya, a wata unguwa cikin birnin Kano. An tare layi da rumfuna, mata sun cika kujeru ana jiran fitowar amarya. Wani matashi mai ɗaukar hoto ya tsuguna a bakin dakali, ya zuge jaka, ya ciro wani abu da bai fi tafin hannu biyu ba. Ya miƙe masa ƙafafu huɗu, ya hure ƙurar da ke kan farfelunsa, ya maƙala waya a jikin rimot. Kafin ya gama yara sun yi masa zobe. Da abin ya ɗaga sama da ƙugi irin na taron ƙudan zuma, sai guɗa ta kaure, kowa ya ɗaga kai yana miƙa masa hannu.

Bai yi minti biyar a sama ba iska ta kaɗa shi, ya goga reshen darbejiya, ya juyo kamar tsuntsun da aka harbo. Ya daki gilashin gaban wata mota, ya zame, ya faɗi taku biyu daga wata mata mai goyo. Ina tsaye a wurin. Abin da har yau nake gani a idona shi ne yadda matar ta kai hannu baya ta dafe kan jaririnta, alhali abin ya riga ya faɗi.

Gilashi ya tsage. Mai mota ya ce sai an biya shi, dangin ango suka ce su hoto suka yi ciniki, ba ɓarna ba. Dattawan layi suka shiga tsakani, aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, aka yanke cewa matashin zai sallama kuɗin aikinsa na ranar, ya ciko da wani abu a ƙarshen wata. Ya tattara ɓaraguzan jirginsa hannunsa na rawa. Da na tambaye shi daga baya ko yana da wata takarda ta jirgin, sai ya ce min a hannun wani ya saye shi, ya kuma ji cewa akwai izinin da ake nema a Abuja, amma kuɗin da aka faɗa masa ya ninka na jirgin sau da yawa. Maganar inshora kuwa, ya ce bai taɓa jin ana yi wa irin wannan abu ba.

Gilashin mota abu ne da dattawa za su iya sasantawa a bakin dakali. Da farfelar nan idon jariri ta samu, babu kuɗin hoton da zai isa.

Jirage marasa matuƙa sun riga sun zama kayan sana'a. Masu ɗaukar biki da 'yan fim na amfani da su, safiyo na auna filaye da su, kamfanonin mai na duba bututu, masu gini na bin diddigin aiki daga sama, a manyan gonaki kuma an fara feshin magani da manyansu, irin Agras T40 na kamfanin DJI mai tankin lita 40. Duk wanda ya ɗora irin wannan na'ura a kan jama'a don neman kuɗi, akwai tambayoyi biyu a wuyansa: jirgin na wane ne, kuma wa zai biya idan ya yi ɓarna. Rajista ce ke amsa ta farko, inshora ta amsa ta biyu. A ganina dukkansu ba don mai jirgi aka yi su ba tun asali. An yi su ne don mutumin da ke ƙasa, wanda ba a yi shawara da shi ba kafin a tashi.

Yadda wasu suka ɓullo wa rajista

A Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA ta buɗe rajistar ƙananan jirage ranar 21 ga Disamban 2015, ana gab da Kirsimeti, lokacin da aka san dubban ɗaruruwansu za su shiga hannun mutane a matsayin kyauta. Dala 5 ake biya ta intanet, rajistar ta yi shekara uku, a ba mutum lamba ya rubuta a jikin jirginsa. A watan Agustan 2016 aka ƙara da dokar masu aikin kuɗi, wadda ake kira Sashe na 107. Mai so sai ya kai shekara 16, ya zauna jarrabawa mai tambayoyi 60, ya ci kashi 70 cikin 100. A ciki ake gwada ko ya iya karanta taswirar sararin sama, ko ya san abin da iska da zafi ke yi wa jirgi, ko ya san inda ba a kusanta. Bayan nan ba zai wuce ƙafa 400 daga ƙasa ba, wato kimanin mita 120, kuma dole jirgin ya kasance inda idonsa ke ganinsa, sai dai in ya nemi izini na musamman.

Ma'aunin wajabcin rajista da aka ɗauka a can, wanda ƙasashe da dama suka ara, shi ne giram 250. An kai ga wannan adadi ne ta lissafin irin raunin da abu zai yi wa kan mutum idan ya faɗo daga sama. Masu ƙera jirage ba su yi sanya ba: a 2019 DJI ya fito da Mavic Mini mai nauyin giram 249 cif. Sai dai wannan sassauci na masu wasa ne kawai. A dokar Amurka, da zarar aikin na kuɗi ne, ko jirgin bai kai nauyin albasa ba sai an yi masa rajista. Daga Maris na 2024 kuma aka fara tilasta wa jiragen da ke da rajista su riƙa watsa lambarsu da wurin da suke da wurin da mai sarrafa su yake tsaye, kamar dai lambar mota da ake iya karantawa ta iska.

Tarayyar Turai ta bi wata hanyar. Tun daga ƙarshen 2020, mutum ko kamfani ake yi wa rajista, ya liƙa lamba ɗaya a kan duk jiragensa, sannan a raba ayyuka gida uku gwargwadon haɗarinsu. Mai ɗaukar hoton gona a fili babu kowa ba a nema masa abin da ake nema wa mai ratsa birni da kaya. A Birtaniya kuwa mutane sun ɗanɗana kuɗarsu a Disamban 2018, lokacin da rahoton ganin jirage marasa matuƙa ya tsayar da filin jirgin Gatwick na kusan kwana biyu, aka soke ko aka karkatar da tashi da sauka kusan 1,000, fasinjoji wajen 140,000 suka rasa yadda za su yi. Har yau ba a hukunta kowa ba. Ƙasa da shekara guda bayan haka, rajista ta zama dole a ƙasar.

Tamu ƙofar

A Najeriya maganar ta fara ne da hani. A watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta sanar cewa babu mutum, ko kamfani, ko ma'aikatar gwamnati da za ta tashi jirgi marar matuƙi, kan kowane dalili, sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Shi wannan ofishi shi ke ba da takardar shaidar mai amfani, wadda in babu ita kwastan na da hurumin riƙe jirgi tun a filin sauka. Ka'idojin da aka fitar wa masu neman izinin kasuwanci a wancan lokaci sun buƙaci kamfani mai rajista da jarin hannun jari na naira miliyan 20, da kuɗin duba takardu naira 500,000 da ba a mayarwa, da tantancewar jami'an tsaro, da shaidar inshora, a kuma shigar da buƙata watanni kafin ranar fara aiki. A 2023, da aka sabunta kundin dokokin sufurin sama, an ware wa waɗannan jirage sashe nasu na kansu, Sashe na 21.

Ba zan raina dalilin tsaro ba, domin mu ne muka fi kowa sanin zafinsa. 'Yan ta'adda a yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna leƙen sansanin soja da irin jiragen da ake sayarwa a kasuwa, kuma a ƙarshen 2024 sun kai ga ɗaura musu abin fashewa. A Janairun 2025 rundunar Operation Haɗin Kai ta hana tashin jirage marasa matuƙa a Borno da Yobe da Adamawa. Wanda ya rasa ɗa ko ƙane a wannan yaƙi ba zai ga laifin hukumar da ta ce tana son sanin kowane jirgi da mai shi ba.

To amma a nan ne gizo ke saƙar. Idan manufar ita ce a san kowa, ƙofar da aka gina ta kamfanin mai ce da manyan 'yan kwangila, masu lauya da akawu da ofis a Abuja. Matashin da jarinsa kyamara ɗaya ce da jirgi kwance ba zai iya shiga ta nan ba, kuma ba zai bar sana'a ba. Zai ci gaba da tashi kowace Asabar, ba tare da sunansa na rubuce a ko'ina ba, ba tare da wani ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa unguwanni irin su Fagge da Kurna da Birget suna maƙwabtaka da filin jirgin Malam Aminu Kano, inda jirage masu ɗauke da ɗaruruwan mutane ke saukowa ƙasa-ƙasa. Doka mai tsada ba ta tsorata ɗan ta'adda, tunda shi dama ba zai zo neman izini ba. Mai neman halalinsa take korawa cikin duhu, sai hukuma ta wayi gari da rajistar da ba ta ƙunshi yawancin jiragen da ke samanta ba.

Rwanda ta nuna cewa ana iya riƙe tsaro ba tare da an toshe hanya ba. A can kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitoci daga Muhanga a Oktoban 2016, kuma a 2018 ƙasar ta sake dokarta ta koma duba haɗarin aikin da za a yi maimakon nau'in na'urar. Shi dai wannan kamfani ya buɗe a Ghana a 2019, sannan a 2022 ya fara kai magunguna da alluran rigakafi daga Pambegua a jihar Kaduna. Wato hukumominmu sun iya ba da izinin aiki mai wuyar gaske, na jirgin da ke tafiyar kilomitoci masu yawa ba tare da ido na ganinsa ba. Abin da ya rage shi ne ƙaramar ƙofa ta ƙananan masu sana'a. Ƙasar da ta iya haɗa layin waya da lambar zama ɗan ƙasa ba za ta gaza haɗa lambar jikin jirgi da mai shi a waya, kan kuɗi kaɗan, tare da gajeriyar jarrabawa da Hausa da sauran harsunan ƙasa ba.

Inshora, da abin da ba ta biya

Inshorar jirgi marar matuƙi iri biyu ce a jimlace, kuma mutane kan sa ido a kan wadda ba ta fi muhimmanci ba. Ta farko ta jikin jirgi ce: in ya faɗi, ko ya nutse, ko aka sace, a gyara ko a sauya. Sau da yawa kyamara da sauran na'urorin da ake rataya masa sai an rubuta su daban, domin a aikin safiyo abin da ke rataye kan fi jirgin tsada. Ta biyu ita ce ta ɓarnar da aka yi wa wani, rauni ne ko asarar dukiya, kwatankwacin wadda doka ta wajabta wa masu mota. Asarar jirgi tana da iyaka, ba za ta wuce kuɗinsa ba. Ɓarnar da zai yi wa wani ba ta da iyaka.

A Janairun 2025, ana tsakiyar kashe gobarar daji a Los Angeles, wani ɗan jirgi samfurin DJI Mini 3 Pro, irin mai giram 249 ɗin nan, ya yi karo da babban jirgin watsa ruwa da aka aro daga Kanada. Ya huda masa fiffike, aka ajiye shi kwanaki alhali gidaje na ci da wuta. Mai ɗan jirgin ya amsa laifi, ya kuma amince zai biya sama da dala 65,000 kuɗin gyara kawai. A Seattle a 2015, jirgin wani mai ɗaukar bidiyo ya daki gini ya faɗo a kan wata mata a wurin jerin gwano har ta suma, kotu ta yanke masa kwana 30 a gidan yari. Makonni kaɗan kafin gobarar Los Angeles, a wani wasan haskaka sama da jirage a Orlando, wasu suka yi karo suka zubo, ɗaya ya daki yaro ɗan shekara 7 a ƙirji, sai da aka yi masa aikin zuciya. Wanda ya shirya wasan kuwa kamfani ne mai izini da ƙwararru.

Kowace ƙasa da yadda ta ɗauki lamarin. Dokar tarayyar Amurka ba ta wajabta inshora ba, amma kasuwa ta wajabta: kamfanin gini ko na fim ba zai bar ka ka tashi a wurinsa ba sai ka nuna takarda, galibi ta dala miliyan ɗaya. Har akwai kamfanoni irin SkyWatch.AI da ke sayar da inshorar awa-awa ta waya, mutum ya zana da'irar inda zai yi aiki ya biya na ranar. A Birtaniya duk mai tashi don kuɗi dole ya riƙe inshorar da ta dace da dokar Turai mai lamba 785 ta 2004, wadda mafi ƙarancin abin da ta yanka wa ƙananan jirage ya kai kusan dala miliyan ɗaya. Jamus ta fi haka tsauri, ko na wasa ne sai da ita.

Ga inda rajista da inshora suka zama ɗan juma da ɗan jummai. Kusan kowace takardar inshora tana ɗauke da sharaɗin cewa tashin ya kasance bisa doka. Wanda ba shi da izini, ko ya wuce tsayin da aka yarda, ko ya shiga inda aka hana, ya ba kamfani hujjar ƙin biya, ko da ya shekara yana zuba kuɗi. Kuma jirgin da kansa shi ne shaida, domin yana rubuta tsayinsa da wurinsa da yawan cajin batirinsa daƙiƙa bayan daƙiƙa, wannan bayani ne mai bincike zai fara nema. Akwai kuma abubuwan da aka saba cirewa: tsufan batir, ƙwacewar hukuma, yaƙi da ta'addanci. Mai feshi a gona ya kula sosai, domin maganin ciyawar da iska ta kwasa ta kai kan waken maƙwabci ba ya cikin inshorar gama-gari sai an saye shi daban. Shi kuma tsarin DJI Care Refresh da ake tallata wa masu saye, sauyin jirgi ne kawai, ba ya biyan ko sisi na ɓarnar da aka yi wa wani.

Akwai wata ɓarnar da ba ta jini ba ce, ba ta gilashi ba, wadda a wurinmu tana iya fin su zafi. Gidan Bahaushe katanga ce ta gefe, samansa a buɗe yake. Tsakar gida nan ne mata ke daka da wanki da kitso babu mayafi, makewayi a gidaje da yawa ba shi da rufi. An rubuta ba a shiga a bakin zaure, amma ba a rubuta a sama ba. Mai ɗaukar bikin gida ɗaya, da ya hau mita talatin, gida goma ne a cikin kyamararsa. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma a ƙasashen waje ana sayen kariyar ƙarar keta sirri a matsayin ƙari a kan inshora. Amma wannan ba abin da diyya ke gogewa ba ne. Tarbiyyar sana'a ce, wadda ya kamata ta zama darasi na farko a duk jarrabawar da za a yi wa matuƙan nan: a sanar da maƙwabta, a karkatar da kyamara, a goge abin da ya shigo bisa kuskure.

Na san kalmar inshora ba ta da farin jini a wurinmu. Wasu na ganinta takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai, kuma takardun bogi na inshorar mota sun ƙara ɓata mata suna. A duk faɗin ƙasar, kuɗin da ke shiga wannan harka bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ake samarwa a shekara ba. Wasu kuma damuwarsu ta addini ce, ta riba da rashin tabbas, kuma damuwa ce ta gaskiya. Sai dai shi lamunin ɓarna ba baƙo ba ne a zaurukan karatunmu. Duk wanda ya karanta Risala ya san cewa wanda ke kan dabba, da mai jan ta, da mai kora ta, su ke ɗaukar nauyin abin da ta taka, kuma ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana wuyan masu su. Diyyar kisan kuskure kuwa dangi ne ke haɗuwa su biya, don kada nauyi ya karya mutum ɗaya, kada kuma haƙƙin mamaci ya salwanta. Wannan na daga cikin hujjojin da malamai suka gina takaful a kai, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a biya wanda abu ya samu. Hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ka'idojinsa tun 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna nan suna aiki.

Mutum ɗaya da jirgi ɗaya ba zai ja hankalin kamfanin inshora ba, musamman da yake haɗarin sufurin sama yawanci a kasuwannin waje ake sake raba shi, da dala. Amma masu ɗaukar hoto suna da ƙungiyoyi, 'yan fim suna da nasu, safiyo suna da tasu. Jirage ɗari biyu a takarda ɗaya ciniki ne da dillalin inshora zai tashi ya zo har ofis dominsa. Inshorar ɓarnar mota, tun Janairun 2023, naira 15,000 ce a shekara, tana biyan asarar dukiya har naira miliyan 3. Wannan ya nuna cewa kariya mai araha tana yiwuwa idan masu zubi suna da yawa. Masu ba da aiki ma suna da ta cewa: mai ɗakin taro, da mai shirya biki, da kwamitin hawan Salla, inda ƙugin farfela ɗaya zai iya firgita doki a tsakiyar dubban mutane, duk suna da ikon tambayar takarda kafin su ce a tashi.

Na sake haɗuwa da matashin nan bayan watanni, a wani ɗaurin aure. Ya biya mai mota, ya haɗa kuɗi ya sayi wani jirgin. Ya sa wa farfelun kariyar roba, ya kuma zo da ƙanensa wanda aikinsa kawai shi ne ya kori yara daga inda za a tashi da inda za a sauka, ya riƙa kallon sama yana faɗa masa inda wayar lantarki take. Ya ce min yanzu ba ya ratsa kan rumfar mata, daga gefe yake ɗauka, kuma in iska ta taso yakan haƙura ko da uwar biki za ta yi fushi. Da na sake tayar da maganar takarda, sai ya ciro waya ya nuna min hoton lambar jikin jirgin da ya ɗauka ya ajiye, ya tambaye ni ofishin da zai kai ta.